Ƙanzo, Tiya da Rumbu: Tarihin Yunwa Daga Bakin Murhu

A gidan da na tashi, a wani ƙauye da ke arewacin Katsina kan hanyar Maraɗi, ba a jiƙa tukunyar tuwo sai kakata ta gan ta. Idan an kwashe tuwon dare, sai ta jawo tukunyar gabanta tun da sauran ɗuminta, ta sa sakaina ta bi gindinta a hankali har ta ɓamɓare ƙanzon duka, ba tare da ta bar ko kamar ƙumba ba. Da safe ta shanya shi a faifai a kan rumfa, in ya bushe ta zuba a wani tulu mai tsagaggen baki da ke bayan gadonta. Wata rana, ina 'yar shekara tara, na riga ta na tuttula ruwa a tukunyar don in gama wanke-wanke da wuri. Ba ta dake ni ba. Ta dai daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Kishiyata, yau kin zubar da kalacin mutum ɗaya." Ta tace ruwan da rariya, ta dama kunu da abin da ta samu, ta kuma sa ni na sha.

Na yi shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin rowar tsofaffi. Sai da na zauna ajin tarihi aka koya mana cewa 1914 ita ce shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, na dawo hutu ina yi mata burga da sabon ilimi, na lissafa mata shekarun da yatsu. Ta saurara, ta yi nata lissafin da haihuwar mahaifiyarta, ta ce ai wannan ita ce shekarar Kakalaba. Ba ta taɓa jin labarin haɗewar ba, ni kuma ban taɓa jin Kakalaba ba. Tun daga ranar nake ganin cewa ƙasar Hausa tana da kundin tarihi biyu. Ɗaya yana ɗakin karatu, yana ƙirga sarakuna da gwamnoni. Ɗayan yana madafa, yana ƙirga shekarun da hatsi ya ƙare kafin sabo ya nuna, kuma mata ne suka riƙe shi, a cikin yadda suke awo da yadda suke kankare tukunya.

Kafin a fahimci wannan kundi na biyu, dole a san lissafin da aka gina shi a kai. Manomin ƙasarmu yana samun ruwan sama na wata huɗu ne, ko ƙasa da haka in an matsa arewa, kuma abin da ya girba a kaka shi zai ci har wata kakar. Ana ɗaure gero da dawa dami-dami a zuba a rumbu ba tare da an sussuke ba, domin hatsi a jikin zangarniyarsa ya fi jure ƙwari. Maigida ne yake buɗe rumbun gandu, amma daga lokacin da dami ya fito tsakar gida, hukunci ya koma hannun mace. Ita ta san tiya nawa za ta fita, ita ta san bakuna nawa ne, ita kuma ta san kwana nawa ya rage kafin gero ya yi bununi. Mafi tsananin lokaci ba rani ba ne, kamar yadda ɗan birni zai zata. Tsakiyar damina ne, lokacin da gona ta yi kore shar, aiki ya fi nauyi, rumbu kuwa ya koma sai ƙarar ɓera. Mutum yana noma da yunwa a tsakiyar abincin da bai nuna ba.

A irin wannan lissafi babu gurbin da ake kira shara. Dubi abin da ake yi wa damin gero guda. An sussuka, ƙaiƙayi ya tafi cikin ƙasar gini. An surfa, an bakace, dusa ta tafi wurin awaki da kaji. An wanke, ƙasarin ya tafi kwatarniyar dabbobi. An daka, an tankaɗe, tsakin da ya rage a rariya ya zama fate ko dambu. Karan ya zama darni ko makamashi, tokarsa kuma a tace ta a sa a miya a madadin kanwa. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda ya kama gindin tukunya ya zama ƙanzo, a jiƙa shi wata rana a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Shi kansa ƙuli-ƙulin saura ne, tunkuzar da ta rage bayan an matse mai. Ɗorawa ma haka: a sha garinta, kalwarta ta zama daddawa, ɓawonta ya zama makubar da ake shafe daɓe da katanga. Kuɓewa da tumatir da suka yi yawa a lokacinsu a yanka a shanya, kuka a busar a dake, wake a cakuɗa da toka a toshe bakin tulu da laka. Abin da ya ragu bayan duk wannan, akwai almajiri a ƙofar gida da ƙoƙonsa, kuma ba banza ba roƙonsa yake ambaton ƙanzo da ɗumame. Addini ya zo ya ƙarfafa abin da larura ta riga ta koyar, ya hana almubazzaranci, ya ce a ɗauki lomar da ta faɗi. Amma ina zaton ko da malamai ba su yi wa'azi ba, rumbu ya ishi kowa wa'azi.

Akwai masu son su mayar da zamanin da aljanna, su ce kafin zuwan Turawa ba a san yunwa ba. Ba haka ba ne. An yi fari, an yi fara, an yi yaƙe-yaƙen da suka ƙone gonaki, kuma akwai bayin da suke noma abin da ba su da iko da shi. Sai dai gaskiya ne ƙasar tana da albarka. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa iyali guda za su iya rayuwa cikin wadata shekara guda, har da suturarsu, a kan wuri 50,000 zuwa 60,000, ya kuma yi mamakin arahar abinci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, akwai matakan kariya tsakanin talaka da kabari. Magidanci mai hali yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku. Zakkar hatsi, kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, hatsi ce ake bayarwa ba kuɗi ba, kuma galibi tana zama a rumbunan da ba su yi nisa da inda aka noma ta ba. Bayan girbi akwai kala da roro, inda gwauruwa da maraya za su bi gonar wani su tsinci abin da ya zube, ba mai ce musu kanzil. Ciyayya tana kai kwanon wannan gida zuwa wancan. Tsimin mace a madafa zare ɗaya ne a cikin wannan saƙa, ba shi kaɗai ba.

Kano ta faɗa hannun Ingilishi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Cikin 'yan shekaru aka tattara haraji iri-iri aka mayar da shi na kuɗin Bature, wanda ba ya tsirowa a gona. Don manomi ya same shi, sai ya sayar da wani abu, kuma ana karɓar harajin ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya kamfanonin Turawa suka fara sayen gyaɗa da farashin da ba a taɓa gani ba. Manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da a da na gero ne. Ban ga laifinsu ba, lissafinsu daidai ne in da sama ta cika alkawari. Sai daminar 1913 ta zo da ƙarancin ruwan da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Zuwa bazarar 1914 mutane suna gangarowa daga ƙasar da Faransa ke mulka, suna faɗuwa a kan hanyoyin Katsina da Daura da Kano, dubbai suka mutu. Ba a daina karɓar haraji ba. Jirgin da ya iya kwashe gyaɗa zuwa teku bai kawo hatsin da ya taka kara ya karya ba.

Kakata ba ta ga Kakalaba ba, mahaifiyarta ce ta gani tana yarinya, amma ta gaji matakan yunwa kamar yadda ake gadon karatu, kuma ta jera mini su ba sau ɗaya ba. Da fari a rage awo, tiya biyu ta koma ɗaya da rabi. Sai a ɗauke abincin rana. Sai tuwo ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Sai ganye ya rinjayi gari: tafasa, yaɗiya, rama, zogale, a dafa a yayyafa ɗan tsaki don a ce an ci hatsi. Sai a karɓe dusa daga bakin akuya, sannan a sayar da akuyar. Bayanta tasoshin jere su bi, ɗaya bayan ɗaya, daga bangon ɗakin da aka yi wa amarya ado. Maza su tafi cin rani tun ba lokacinsa ba, don a rage baki. Daga nan sai daji: a sussuke ƙarangiya duk da ƙayarta don ɗan ƙwayar da ke ciki, a jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta ya fita, a tona gidan tururuwa a kwashe abin da ta tara. Ta ce in ka ga mace da galma a bakin gidan tururuwa, to kada ka gaishe ta, ka kau da kai, domin ita ma ba ta so a gan ta. Matakin ƙarshe shi ne a jinginar da gona a kama hanya.

Abin lura a wannan jeri shi ne tsarinsa. Ana fara sadaukar da abin da za a iya mayarwa, a jinkirta abin da in ya tafi ya tafi ke nan. Ciki yana iya haƙuri ya sake cika, akuya ana iya sake saye, amma gona in ta bar hannu da wuya ta dawo. Mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba sun tsara wannan da hikimar da masana suka zo daga baya suna rubutawa. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina a shekarun 1970, ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983 a kan wannan batu, kuma jigonsa shi ne fari daga sama yake zuwa, amma yunwa da hannun mutane a cikinta. Da na karanta shi a jami'a, na yi ta jin kamar muryar kakata ce aka sa wa lambobin shafi.

Sunayen da talakawa suka raɗa wa shekarun yunwa su ma shaida ne, domin sau da yawa ba sama suke nunawa ba, hanyar da hatsi ya bi suke nunawa. Ta 1927 ana kiranta 'Yar Buhu, saboda a buhu aka ga abinci yana zuwa maimakon a dami. Ta wajen 1942 ana kiranta 'Yar Gusau, garin da mutane suka yi ta nufa neman hatsi. Wannan ta faɗo a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta, aka shiga kwasar ƙarti daga ƙauyukan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinan Jos, aka kuma bi ƙauyukan ana tara hatsin da za a ciyar da su. An ɗauke hannun da ke noma, an ɗauke abin da ya noma. A tsallaken iyaka kuwa, bayan yunwar 1931, Faransawa sun matsa wa kowane gari ya kafa rumbun tsimi na dole, wanda mabuɗinsa ba ya hannun mai hatsin. Dabara ce mai kyau a takarda, amma 'yan'uwanmu na Maraɗi suna tuna ta a matsayin wani harajin.

Wadda kakata ta gani da idonta tana uwa ita ce ta 1973. Ta riƙe shekarar da kyau domin a farkonta ne aka canja kuɗi, fam da sule suka koma naira da kwabo, tana cikin koyon sabon lissafi sai lissafin rumbu ya rushe. An yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Abin da aka girba bai kai gidan ga watan azumin tsofaffi ba, in ji ta, ko da yake ban tabbatar da watan da ita ba don ba ta son a tsaya a nan. Kakana ya tafi Kano dako. Kafin ya tafi ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, na iri, ya damƙa mata. Ta sussuke, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Wata biyar tana kwana a kan hatsi tana ba 'ya'yanta tafasa da dusa. Mahaifiyata, wadda take da shekara bakwai a lokacin, ta ce sun san tulun yana nan, har sukan kwanta su sa hanci a jikin lakar. A bazarar 1974 ƙyanda ta shigo garin, ta tarar da yara ba ƙarfi, ta tafi da autan gidan. Da ruwa ya sauka aka fasa tulun aka shuka, gero ya yi kyau, gidan bai jinginar da gona ba, bai kuma ci bashin falle ba, wanda ake karɓar dami ɗaya a biya biyu.

Sau ɗaya tak na tambaye ta ko da ta buɗe tulun yaron zai rayu. Na riga na girma a lokacin, ya kamata in fi haka hankali. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa tiya shida ce a ciki, ta auna ta fi sau ɗari a zuciyarta, ko ta buɗe ba za ta kai su sati biyu ba. Wannan tulun ne mai tsagaggen baki da take tara ƙanzo a ciki.

A watan Afrilu na wannan shekarar ta 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Yamai, kuma cikin dalilan da suka bayar har da yadda aka yi da hatsin agaji. A Nijeriya kuɗin man fetur ne ya rufe ɓarakar, aka shiga shigo da shinkafa da alkama, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, sannan na Shagari a 1980. Birni ya koyi cin burodi, dalar gyaɗa ta ɓace. Da fari ya dawo a 1984, ya tarar an rufe iyakar Nijeriya, hatsin da ya saba haurawa arewa ya tsaya, shi ya sa Hausawan Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari. A 2005 an sake cin anza a ƙasar Maraɗi alhali kasuwanni cike suke da hatsin da talaka ba ya iya saye. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, sai ga magidanta a Kano suna layin sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da masu casa suke warewa a da don abincin kifi. Matakin dusa ke nan a jerin kakata, ya dawo da sabon suna, a cikin birni, inda babu dajin da za a faɗa in an wuce shi.

Shi ya sa nakan ji wani iri idan na ji ana yi wa talaka lacca a rediyo a kan ya daina ɓarnar abinci. Wace ɓarna? Gidan da ake hannu baka hannu ƙwarya ba shi da abin zubarwa, ya ƙure wannan ilimi tun kafin a haifi mai laccar. Ɓarna tana nan, amma a wani wurin take. Tana Kwanar Gafan da Kadawa a lokacin da tumatir ya yi yawa, inda ruwan madatsar Tiga ya ba manomi amfanin da babu ɗakin sanyi ko isasshiyar masana'antar da za ta karɓa, kwanduna su ruɓe a bakin titi, sai abin da aka yi saurin yankawa aka shanya ya zama kauɗa. Tana cikin buhun waken da ƙwari suka mayar gari a sito. Tana ɗakunan biki na birni, inda ake kwashe farantan shinkafa da rabin kaza a juye a leda ɗaya da ƙasusuwa da tsinken sakace, yadda ko almajiri ba zai iya ci ba. Ba na cewa tsimi ba shi da amfani. Shi ya raya mahaifiyata, da babu shi da babu ni. Amma tsimi yana iya miƙa tiya shida ne zuwa iyakar tiya shida, kuma a duk shekarun da na lissafa, abin da ya zubar da rumbu ya fi ƙarfin sakainar mace.

Kakata ta rasu shekaru goma sha ɗaya da suka wuce. Da aka zo rabon kayan ɗakinta ba wanda ya nemi tulun, sai na ɗauko shi zuwa Kano, yana nan a lungun madafata. Ni a kan gas nake tuƙa tuwo, a tukunyar da aka yi ta musamman don kada abinci ya kama, saboda haka ba ni da abin zubawa a cikinsa. A watan jiya na ga wata mata a kasuwar unguwarmu da buhun ƙanzon shinkafa, wanda take saro wa daga masu sayar da abinci, tana aunawa da gwangwani. Mata uku ne a gabana. Na tsaya a bayansu, ina jin ta farkon tana roƙon a cika mata gwangwanin ya yi tozo.